Kwance Gashi a Gidan Takaba

Cikin duk ranakun da na yi ina taɓa kan mata a garin nan na Gadarif, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da aka tura ni gidan makoki da almakashi a jaka. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun saba ganinmu a gidan biki, kuna tsammanin can kaɗai ake nemanmu. Ni ma haka na ɗauka kafin ranar.

Lokacin kakar riɗi ne, shekarar da ta gabaci yaƙin Khartum. Ina aiki a shagon Hajja Batul da ke bayan kasuwa. Tsarin shagon kamar namu ne na yanzu: Hajja Batul ce mai wuri, ita ke karɓar aiki ta raba shi, ni ce usta, wato babbar ma'aikaciya mai ɗinkin gashi da kitson amare, sai mata biyu masu wanki da busarwa. Kaka kuwa kun san yadda take. Manoma sun sayar da amfani, kowa na son ya aurar, ba ka samun damar shan ruwa a zaune.

Ina tsakiyar kan wata amarya Hajja Batul ta janye ni gefe ta ce in bar wa Amna, ɗaya daga cikin matan nan biyu, ta ƙarasa. An aiko daga gidan Hajja Kaltume a unguwarmu ta Hausawa. Ɗanta Usman, direban tarakta ne a gonakin Gedambaliya, ya kife da kaya a hanya jiya, an yi jana'iza da safe. Matarsa tana da ɗinkakken gashi a kai, kuma dole a cire kafin a yi mata wankan shiga takaba. Na yi ta gunaguni, don ba na son barin aiki rabi, na ce ai tsofaffin gidan ba su rasa reza ba. Hajja Batul ta ce sun gwada, matar ta riƙe kanta da hannu biyu ta ce babu mai taɓa ta sai mai sana'a.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin takaba kusa ba, Larabawan nan habs suke ce mata. Wata huɗu da kwana goma mace tana cikin farin yadi, ba turare, ba lalle, ba kwalli, ba wani ado, kuma ba ta fita sai da babbar larura. A gidajenmu uwar miji da 'yan uwanta su ke raba ta da kayan adonta a ranar farko, su kuma ke da ikon cewa wannan larura ce, wannan ba larura ba ce. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Na tarar da tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, ana ta zuba jabana, wato gahawa, ana kuka. Aka shigar da ni ɗakin ciki. Sunanta Su'ad, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, tana zaune a ƙasa cikin farin yadi, ga baƙin gashi mai sheƙi ya sauko har gadon baya. Idonta ya kumbura, amma da ta gan ni abin da na gani a fuskarta ba baƙin cikin rashi ba ne kaɗai, tsoro ne. Ta ce kowa ya fita. Wata gwaggon mamacin ta taso da faɗa, wai yaushe aka fara ɓoye wa dangin miji kai. Hajja Kaltume, tsohuwa ce doguwa marar yawan magana, ta ce a ƙyale ta, yau ba ranar ja-in-ja ba ce. Suka fita, Su'ad ta tashi da kanta ta saka sakata.

Kun san yadda ake ɗinkin nan. A yi wa mace kitso a kwance da nata gashin, a bi layin kitson da lanƙwasasshiyar allura a ɗinke gashin kanti a kai, gaban goshi kuma a manna wata 'yar raga mai gashi da gam don kada a ga mahaɗa. Ƙa'ida ita ce kada ya kai wata biyu, a cire, a wanke, a bar kai ya sha iska kafin a sake. Da na ɗaga gashin Su'ad na fara yanka zare, sai na ga zare a kan zare, baƙi a kan ruwan ƙasa, aikin hannu daban-daban. Wani wari ya buso ni, irin na rigar da aka ninke da danshi. Na jiƙa gam ɗin da mai ina ɗagawa a hankali, sai ga kitson nata yana biyo ragar yana zuwa hannuna, ba tare da na ja ba.

Na daɗe a sana'ar nan, na ga kai iri-iri, amma wannan sai da ya tsayar da ni. Daga goshi zuwa kusan faɗin yatsu uku babu ko silin gashi, fata ce sumul tana ƙyalli kamar tafin hannu. Sama da kunnen hagu da ƙeya akwai gashi, amma duk ƙuraje ne, wasu sun yi ruwa. Ta ji hannuna ya tsaya.

"Yaya Hawwa, ya yi muni ko?"

Na ce mata ya yi. Ban ga amfanin yi mata ƙarya ba.

Ina wanke mata da ruwan ɗumi tana ba ni labari ƙasa-ƙasa. Bayan haihuwarta ta fari gashinta ya zube, kamar yadda yake yi wa mata da yawa, wanda da an bar shi da kansa zai dawo. A lokacin Usman ya je Gallabat ya sayo mata ƙunshin gashi tsaraba. Ta sa ranar suna, kowa ya yaba, shi ma ya yi ta kallonta. Tun daga nan ba ta ƙara kwana da kanta a buɗe ba. Ranar da aka cire tsoho ranar ake ɗora sabo, kuma ba ta zuwa wurin mai kitso ɗaya sau biyu a jere, don kada a yi mata surutu. Yaron da ta haifa ɗin har ya shiga makaranta.

Na gaya mata gaskiyar abin da na sani. Gaban nan mai ƙyalli ban sa masa rai ba. Amma inda ƙurajen suke saiwar gashin tana da rai, idan likitan fata ya gani da wuri za a cece shi, idan kuwa aka bari ya warke da tabo, shi ke nan, ya bi sahun gaban. Ta ce ba za ta fita ba sai da izinin Inna, wato uwar mijinta, Inna kuwa sai ta tambayi dalili, kuma sai ta ce a nuna mata. Ta kama hannuna da hannunta mai sanyi.

"Ki rantse mini ba za ki faɗa wa kowa ba. Gara ya ƙare duka da Inna ta ga kaina haka, ɗanta ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba."

Na rantse. Mace ce da aka binne mijinta da safe, me zan ce mata? Na ɗaura mata farin ɗankwali, na tattara gashin a leda, na fito na ce wa tsofaffi na cire kuma na wanke kan da kaina, su yi sauran.

Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. An yarda a yi wa mai takaba kitso marar ado don kada gashi ya cukurkuɗe, sai na fake da wannan nake zuwa duk Juma'a. In kulle ƙofa, in wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, in shafa man riɗi zalla a inda babu rauni, tunda karkar, man gashin da muka saba shafawa, yana da ƙamshi, ba ya halatta gare ta. Kowane zuwa sai in tarar abin ya ƙara faɗi. Dalili a fili yake. Ɗaki ɗaya suke kwana da Hajja Kaltume, don ba a barin mai takaba ita kaɗai, saboda haka ɗankwalin nan a tamke yake dare da rana, ga zafi, ga gumi. Na ce ta riƙa sassautawa ko a banɗaki ne, ta ce tana yi, na san ba ta yi.

Babu dabarar da ban yi ba. Na je wurin mai sayar da magani na kwatanta masa, ya ba ni ruwan wanki, ya ce shi ba zai ba da ƙwaya don kan da bai gani ba, kuma gaskiyarsa. Na ce mata in ɗauki hoto a waya in kai wa likita, ba fuska, kan kawai. Ta ce hoto ƙafa gare shi, yau yana wayata gobe yana wayar matan unguwa. Na ce to mu ce wa Inna ciwon haƙori ne. Ta ce Inna da kanta za ta raka ta har gaban likita, sai a ce buɗe baki ita kuma ta buɗe kai? Ina fitowa daga gidan in tsaya a bakin hanya ina jiran raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, raksha ta zo ta wuce ban tsayar ba, ina can ina saƙa da warwara.

A shago ma abin ya fara nunawa. Na ƙona wa wata mata kunne da ƙarfen miƙar da gashi, abin da rabona da yi tun ina koyo. Hajja Batul ta kira ni bayan labule ta ce in gaya mata abin da ke cina. Ban faɗi abin da na gani ba, na ce dai akwai wadda ke buƙatar likita kuma ta ɗaure ni da rantsuwa. Ba yarinya ba ce, ta gane. Ta ce, "Hawwa, kan nata ne, ba naki ba. Ranar da aka ji usta ta fitar da sirrin kan mace, babu wadda za ta ƙara zama a gabanki, kuma ba su yi laifi ba." Na ji haushinta ƙwarai, musamman da yake na san daidai ta faɗa. Na koma kan aikina ina jan tsaga kamar da ita muke faɗa, har matar da ke gabana ta ce usta lafiya dai.

Wata Juma'a cikin wata na biyu na shiga na tarar da ita a kwance, jikinta zafi rau. Da na kwance ɗankwalin sai da ya manne, na jiƙa kafin ya saki. Saman kunnen hagu ya kumbura, ƙurajen sun haɗe sun zama gyambo ɗaya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ba na iya ɓoyewa. Na wanke, na tsane, sannan na ninke ɗankwalin na ɗora mata a cinya maimakon in ɗaura.

Na ce, "Su'ad, na rantse ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma hannuna ba zai ƙara rufe wannan ciwon ba. Ga ɗankwalinki, in za ki ɗaura ki ɗaura da kanki. Ni dai zan zare sakatar nan."

Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji. Na tashi na zare sakatar, na dawo na zauna a bakin gado, ban san abin da zan yi ba idan ta ɗaura. Muna jin Hajja Kaltume a tsakar gida tana jera kofuna, kasancewar duk zuwana sai ta kawo mini shayi ta ajiye a bakin ƙofa. Su'ad ta ɗauki ɗankwalin, ta kai shi har kusa da kai. Takun tsohuwar ya matso. Sai ta sauke hannun.

"Inna, shigo da shi ciki."

Tsohuwar ta turo ƙofa da ƙafa, tire a hannu. Ta tsaya. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta saki tiren ba, ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta maida ƙofa ta rufe. Ta zo ta kama haɓar Su'ad ta juya kan wajen hasken taga, ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni mene ne wannan, na yi mata bayani a taƙaice, ja da nauyi da gam da rashin iska, shekara da shekaru. Ta juya ga surukarta.

"Usman ya san da wannan?"

"Bai taɓa gani ba, Inna. Shi yake sayo mini gashin duk kaka. Na ɗauka haka yake son ganina."

Hajja Kaltume ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ɗiyata, shi kuma ya ɗauka ke ce ke so. Ya sha gaya mini tsadarsa na damunsa, amma bai san abin da ke sa ki farin ciki kamarsa ba."

Ban san wadda ta fara kuka a cikinsu ba. Ni dai na kau da kai ina tattara kayana, ina saka mazubin gishiri a inda ba wurinsa ba. Na ji tausayinsu su uku har da wanda ke kabari.

Tsohuwar ba ta ɓata lokaci ba. Washegari da hantsi ta yafa tob ɗinta, babban mayafin fita, ta sa aka kira raksha har ƙofar gida. Gwaggon nan mai faɗa ta tare hanya, wai mai takaba ba ta ganin titi, me mutane za su ce. Hajja Kaltume ta ce ciwo larura ne, ta tambayi liman tun da asuba, kuma duk mai magana ya zo ya same ta, ɗanta ne ya mutu ba na wani ba. Ba ta gaya wa kowa ko wane ciwo ne ba. Na bi su, muka tafi da ita lulluɓe.

Likitar fatar mace ce, ba ta yi mana faɗa ba, ta ce tana ganin irin wannan fiye da yadda muke zato. Ta rubuta ƙwayoyi da man shafawa, ta ce a bar kan a buɗe a cikin ɗaki. Ta ce ƙeya da gefen dama za su dawo. Gaban goshi ya tafi tun shekarun baya, kada a wahalar da kai da magunguna. Da ta zo kan gyambon nan na sama da kunnen hagu sai ta tambayi yaushe ya fara. Da muka faɗa sai ta ce da a makon farko aka zo da ta yi alkawari, yanzu sai dai a gwada.

An gwada, wurin bai dawo ba. Ya warke da tabo mai faɗin babban yatsa, daga kunne zuwa sama. A ranar da na fara ganin wurin nan da gashinsa, a idona ya tafi, Juma'a bayan Juma'a. Ban karya rantsuwa ba kuma ba na da-na-sanin haka, amma har yau idan na tuna sai in ji na kasa zama wuri ɗaya.

Sauran watannin takabar sun yi wa kanta abin da babu shagon da zai yi masa. Ba ɗinki, ba gam, ba ja. Hajja Kaltume ta karɓe shafa man daga hannuna, kullum da yamma ita ke yi, ta ce in huta da zirga-zirga. Ranar fita takaba aka sake kirana, wannan karon don ado. An yi mata turaren hayaƙi, an sa lalle, an ɗinka sababbin kaya, tsakar gida ta cika. Na tarar da gashi ya tsiro a ƙeya da gefe, gajere mai laushi. Na yi mata kitso sako-sako, ƙanana, wanda ko jariri ba zai ji zafinsa ba. Ta karɓi madubi ta duba goshin da tabon.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ta fita gaban mata da kai a buɗe ba. Ƙanwarta ta kawo baruka, hular gashin nan da ake sawa a cire, ita ta sa. Sharaɗina ɗaya ne, ba gam, kuma a sa hular auduga a ƙasa. Hajja Kaltume ta ƙara nata, ta ce a waje ta sa abin da ta ga dama, amma a cikin gidan nan da an shigo a rataye ta a ƙusa kamar mayafi. Su'ad ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Har yanzu tana zuwa wurina, kuma ni kaɗai take zuwa.

Abin da na koya shi nake son ku ɗauka. A da ina ganin matan da ba sa rabuwa da gashin kanti a matsayin masu son a gani, har ina yi musu dariya a zuci. Yawancinsu ba haka ba ne. Sun fara ne don rufe ɗan wuri kaɗan, rufin ya ci wurin ya faɗaɗa shi, sai ya zama ba su da ƙarfin halin buɗewa, kuma sana'armu a shirye take kullum ta sake rufe musu ba tare da tambaya ba. Ba na hana kowa ado, da shi muke ci. Sirrin da aka ba ku ma ku riƙe shi da kyau. Amma idan mace ta zauna a gabanku tana waige-waige, ta ce a cire tsohon a ɗora sabo maza kafin wani ya shigo, ku ajiye allurar tukuna. Ku buɗe tsagar ku duba, sannan ku tambaye ta a hankali yaushe rabon da wani ɗan gidansu ya ga kanta.